JANGEBE: Garin Da Kwarto Ba Ya Da Wurin Ɓuya

DUK wanda ya taso daga Gusau ya miƙi hanyar Sakkwato, zai wuce Bunguɗu, ya wuce Maru, kafin ya kai Talatar Mafara. To Jangebe ba ta kan wannan babban titi. Sai an ratse an yi kudu, ta wajen Anka, a ratsa gonakin gero da dawa, sannan a iso ta. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara ne, a Jihar Zamfara, kuma direbobin da ke bin hanyar ba su son la'asar sakaliya ta riske su ba su kai gida ba. Ba sai an tambaye su dalili ba.

Mai neman labarin fim a irin wannan gari, kada ya ɓata lokacinsa wajen cigiyar gidan silima. Ya nemi rumfar mai cajin waya. Nan ne janareta ke kuka tun hantsi, nan ne mai turi ke zaune da kwamfutarsa yana zuba wa mutane finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori, kuma nan ne za a tarar da samari biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, wani ya dafa kafaɗar wani, ana ta ƙyaƙyata dariya. Sau da yawa abin da suke kallo ba na Ali Nuhu ba ne, ba kuma Izzar So ko Labarina ba. Ɗan gajeren fim ne na minti biyar zuwa bakwai, irin wanda yara ke ɗauka da waya a lungunan Kano, Kaduna, Jos ko Gusau. Ba furodusa, ba fosta, ba takardar hukumar tace finafinai. Shi mai riƙe da wayar shi ne darakta, shi ne edita, wani lokacin ma shi ne jarumi.

Labarin kuwa kowa ya san shi tun kafin a kunna. Maigida ya yi sallama da iyalinsa zai tafi ci-rani. Ko kwanar gidan bai sha ba, sai ga kwarto ya sulalo, yana tafiya da sanɗa, takalmi a hannu. An kawo masa tuwo da miyar da ta ji man shanu, wadda shi maigidan bai taɓa gani ba. Ya kai loma ta farko ke nan sai aka ji sallama. Ashe maigida ya manta da kuɗin mota! Daga nan sai ɓuya: ƙarƙashin gado, bayan kwalla, cikin buhu, ko a naɗe shi a tabarma a jingine da bango. Uwargida na ta zufa tana cewa, "Malam, ai gara ka hanzarta kada mota ta tashi." Malam kuwa ya ce ai ya fasa tafiyar, a shimfiɗa masa tabarmar can ya ɗan kishingiɗa. A nan 'yan kallo kan fashe, ka ji wani ya ce da bakin Zamfarawa, "Wallahi wanga kwarto ya shiga ukku!"

Kallon irin wannan fim a Jangebe abu ne mai sauƙi. Yin sa a Jangebe shi ne aiki, kuma wanda ya bi dalilan da suka sa haka ɗaya bayan ɗaya, zai san garin fiye da wanda ya zagaya shi a kan babur.

Da farko dai, garin ya san kyamara, amma ba a hannun ɗan gari ba. A watan Maris na 2000 ne duniya ta fara jin sunan, lokacin da aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talatar Mafara bisa laifin satar saniya. Shi ne mutum na farko da aka zartar wa wannan hukunci bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, ta kuma soma aiki a Janairun 2000. Hoton Buba da dungulmin hannunsa naɗe da bandeji ya zagaya jaridun Legas da na Turai. Shekara goma bayan haka, a 2010, wata kotun Shari'a a Kaduna ta hana ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Shehu Sani buɗe muhawara kan wannan yanke hannu a Facebook da Twitter, sunan garin ya sake tashi.

Sai kuma daren 26 ga Fabrairu, 2021, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke garin suka kwashe ɗalibai. An fara cewa 317 ne, daga baya aka sako 279 ran 2 ga Maris, aka kai su Gusau, aka jera su cikin hijabai gaban kyamarori. A 2022 sashen Africa Eye na BBC ya fitar da wani fim na gaskiya kan 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya gabatar, kuma maganar Jangebe na ciki. Hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa ta ci wasu tashoshi tarar naira miliyan biyar-biyar saboda nuna shi. Ke nan duk lokacin da baƙo ya sauka a garin da kyamara a kafaɗa, kuka ya zo ɗauka. Mutanen da aka yi wa haka sau biyu ba za a zarge su ba idan suka ga waya ta ɗago suka juya baya.

Alhali kuwa wannan kusurwa ta Zamfara ba ta rasa abin nunawa ba. Daga cikin gwamnoni biyar da jihar ta yi tun 1999, uku daga nan suke: Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Nan ne ƙasar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991 amma har gobe muryarsa na tashi a motocin haya. Nan ne madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, inda kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta. Ga shinkafa, ga tumatir, ga albasa da dankali. Ranar Talata kasuwar Mafara kan cika maƙil. Duk wani darakta mai ido zai yi kwaɗayin wannan lokeshan. To amma a koma ga kwarto.

A wasu wuraren, fim ɗin cin amanar aure nishaɗi ne kawai. A Zamfara, abin da fim ɗin ke wasa da shi yana rubuce a kundin dokar jiha. Wanda bai taɓa aure ba, bulala 100. Wanda ya taɓa aure, jifa. Sai dai ita Shari'ar ta tsaurara hanyar tabbatarwa matuƙa: ko dai mutum ya yi iƙirari da bakinsa, ko a kawo shaidu huɗu da suka gani da idonsu. Wanda ya jefi wani da zina bai kawo huɗun nan ba, shi za a shimfiɗe a yi wa bulala 80 ta ƙazafi. Mijin da ya zargi matarsa ba shi da shaida, sai dai li'ani, ya rantse ta rantse, aure ya mutu har abada. Matsalar da ta fi faɗa wa mata ita ce ciki, domin a mazhabar Malikiyya cikin da ba miji hujja ne. Ta wannan ƙofa aka yi wa wata yarinya bulala 100 a Tsafe cikin Janairun 2001, mazan da ta ambata kuwa suka yi tafiyarsu. Ta nan kuma aka yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Jihar Sakkwato da Amina Lawal ta Kurami a Jihar Katsina hukuncin jifa, kafin kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a su wanke su, Safiya a Maris na 2002, Amina a Satumban 2003.

Abin lura a nan shi ne, doka ta ɗaure harshen mutane ne da shaidu huɗu. Fim kuwa ba ruwansa da wannan. Yana buɗe labulen ɗaki ya mayar da duk mai kallo shaida. Kuma ɗan kallon Hausa, Allah ya ba shi haƙuri, ya daɗe ba ya raba rol da mai rol. 'Yan wasan da suka saba fitowa a mugu sun sha zagi a kasuwa, matan da suka fito a muguwar kishiya sun sha harara a gidan biki. Wannan a Kano ke nan, birnin da mutum zai iya ɓacewa cikin jama'a. Ina ga garin da in ka yi atishawa a bakin tasha za a yi maka addu'a a bayan gari?

Wani abin mamaki, a daidai shekarar da aka soma Shari'a, aka rufe gidajen silima a Zamfara, a nan ne industiri ta fitar da fim ɗinta mafi shahara kan wannan jigo. Wasila na kamfanin Lerawa, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya fito a 2000, Ali Nuhu a matsayin Jamilu, Wasila Isma'il a matsayin matar da ta ci amanarsa. An rufe silima, amma ba a rufe bidiyon da ke ɗakin uwargida ba, kaset ya ci gaba da shiga gida-gida a cikin hijabi. Shi Lere ɗin ma ba sabon shiga ba ne a rigima, don kuwa Saliha? da ya yi a 1999 ya jawo masa barazana daga masu ganin ya taɓa mutuncin hijabi. A Disambar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim baki ɗaya, a Maris na 2001 ta kafa hukumar tace finafinai, aka kafa sharaɗin kada namiji ya taɓa mace. Tun daga lokacin daraktoci suka ƙware wajen nuna abu ba tare da an nuna shi ba: ƙofa ta rufe, fitila ta mutu, zakara ya yi cara. Yaran da ke ɗaukar fim da waya a yau, wannan nahawun suka gada ko sun sani ko ba su sani ba.

Yanzu a ƙaddara samari huɗu a Jangebe sun gaji da kallon na wasu, sun ce za su yi nasu. Ɗaya ɗalibi ne a kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara, ya iya haɗa hoto. Ɗaya tela ne, shi zai kawo kaya. Waya akwai, labari akwai. Tambaya ta farko: a gidan wa? Gidan aure a nan ba a shiga, ko ba a rubuta a ƙofar zaure ba. In suka je wajen wani dattijo suka ce, "Baba, muna son ka ara mana ɗaki mu yi ɗan wasa," zai ce wane irin wasa. Da sun faɗi, ya gama da su. Ba don bai san wasa ba ne. Ya san dai cewa mako guda bayan fim ya fita, duk garin za a gane ƙyauren nan mai shuɗin fenti da bishiyar darbejiyar da ke ƙofa, kuma daga ranar sunan gidansa ya zama gidan da aka kama kwarto. Yana da mata biyu da 'ya'ya mata a ciki. Sai dai samarin su koma shagon tela, su rataya labule, su ce ɗaki ne.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuyar: wa za ta fito a matar? Namijin da ya fito a kwarto, abokai za su riƙa tsokanarsa da sunan, ya yi dariya, ƙila ma ya ƙara farin jini. Yarinyar da ta fito a matar kuwa, ta sayi abin da ba za ta iya mayarwa ba. Ranar da aka zo neman aurenta, wata gwaggon ango za ta ce, "Ba ita ce ta cikin wayar nan ba?" Shi ke nan. Ba wanda zai tsaya bayanin cewa wasa ne. Kuma duk yarinyar da ke Arewa ta ji labarin abin da ya faru a 2007, lokacin da wani ɗan hoton waya na sirri na wata 'yar wasa ya fita, ya bi Bluetooth ya game ƙasa cikin 'yan kwanaki. Hoton ba fim ba ne, ba kuma wani kamfani ya yi shi ba, amma industiri ce ta biya: aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida, aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban hukumar tacewa, Adam A. Zango ya shiga kurkuku a kan Bahaushiya, Hamisu Iyan-Tama ya bi baya a ƙarshen 2008. A 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. In manyan taurari ba su tsira ba, 'yar Jangebe da me za ta kare kanta?

Saboda haka mafita ɗaya ce, kuma tsohuwa ce. Ɗaya daga cikin samarin zai ɗaura zane, ya kafa kallabi, ya cusa tsumma a ƙirji, ya maƙale murya, kamar yadda yara ke yi a tashe cikin azumi. Ba wanda zai yi fushi, don kowa ya ga gemu a ƙarƙashin mayafi. Fim zai fita lafiya, a sha dariya irin ta zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro da finafinan camama.

Sai dai a nan ne asarar take, kuma ya kamata a faɗe ta. Da zarar ƙato ya ɗaura zane, labarin ya tashi daga na mace ya koma na maza suna yi wa mace dariya. Ba za a taɓa jin dalilinta ba. Ba za a ji cewa an aurar da ita tana 'yar goma sha huɗu ga wanda ba ta so ba, ko cewa mijin ya tafi Legas ko ramin zinari wata takwas bai aiko da ko mudun gero ba. Wannan ba uzuri ba ne ga laifi, amma shi ne labari, shi ne kuma abin da ya sa Wasila ya zauna a zukatan mutane alhali ɗaruruwan finafinan ɓuya a ƙarƙashin gado sun shuɗe ba a tuna sunansu. Haka kuma ba kasafai ake juya kyamarar ga maigida ba. Mijin da ke da ɗaki a birni, ko wanda ya shiga gidan maƙwabcinsa, shi ma fa kwarto ne a gidan wani. A fim ɗin samari kuwa kullum shi ne bawan Allah da aka zalunta, carbi a hannu.

Akwai kuma wani ɓangare da ko manyan daraktoci ba su cika kusantarsa ba. A ƙauyukan Mafara, Bakura da Maradun, an sha ɗauke matan aure a kai su daji, su yi makonni ko watanni kafin a haɗa kuɗin fansa. Matar da ta dawo daga can ba ta ci amanar kowa ba, ita aka ci wa. Amma takan dawo ta tarar da ido ya canja, na miji, na kishiya, na matan da ke bakin rijiya. Wasu mazan sun riƙe matansu da mutunci, wasu sun kasa. A wurin da irin wannan ke faruwa, kalmar zargi ta yi nauyi, kuma ba kowane gida ne dariyar fim ɗin kwarto ke shiga da daɗi ba.

Shi ma rashin tsaron ya shata wa samarin iyaka. Babu zancen fita bayan gari a ɗauki sin a gindin kuka ko a bakin gulbi, irin wuraren da 'yan fim ke rububi don waƙa. Ko a cikin gari, wanda aka ga yana ɗaukar lungu da hanya da waya yana iya samun kansa yana amsa tambayoyin 'yan sa-kai, don ba sunan da ya fi infoma haɗari a yankin. Saboda tsoron masu kai rahoton ne ma aka katse layukan waya a faɗin jihar a farkon Satumban 2021, aka rufe kasuwannin mako-mako, mutane suka yi makonni sai sun tsallaka wata jiha kafin su kira ɗan'uwa. A lokacin mai turi ya koma sarki. YouTube da TikTok sun yi shiru, amma memori da Xender ba su buƙatar sabis, fim ya ci gaba da tafiya daga hannu zuwa hannu kamar yadda kaset ya yi a 2000.

Wataƙila wannan ma na cikin abin da ya sa labarin kwarto ya ƙi mutuwa a hannun masu ƙaramin ƙarfi. Ba ya buƙatar mota ko gidan bene irin na Nasarawa. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, ƙofa ɗaya wadda ba ta da ta baya, sai mutum uku. Za a iya gama ɗaukarsa tsakanin azahar da la'asar, kafin cajin waya ya ƙare.

Ranar Talata da yamma, motocin da suka kai mutane kasuwar Mafara kan fara dawowa da wuri, buhuna a sama, fasinja a matse, kowa na duban rana. A rumfar mai caji, janareta ya kusa shan mansa. Wani yaro ya karɓi wayarsa, bai ko matsa daga wurin ba ya kunna, abokai suka kewaye shi. Sun kalli fim ɗin jiya, sun kalla shekaranjiya. Aka zo daidai inda maigida ya sunkuya zai cire takalminsa a bakin ƙofa, ya ga wani takalmin da ba nasa ba, lamba arba'in da biyar, ya tsaya yana kallonsa.

"Mai da baya," in ji ɗaya daga cikinsu. "Mai da wurin takalmin nan."